Kwanakin da Ba a Auna Ba

Ranar Talata da ƙarfe goma da kwata na safe Dokta ya cike kowane gurbi da ke cikin jadawalin ruwan sama da sifili, ya fitar da shi a fayil, ya aika wa abokan hulɗar cibiyar. Aikin ya ci minti tara. Aka tafa masa.

Malam Jadawali yana can ƙarshen teburin taron, kusa da fankar da ba ta juyawa, hannayensa a cikin aljihu. Sunan nan na Jadawali ma'aikata ne suka laƙa masa tun yana da baƙin gashi, don shi ya gina abin da hannunsa. Ma'aunin ruwan sama ɗari uku da arba'in cibiyar ke da su, a bayan makarantu da asibitoci da ofisoshin gona, kowanne da mai duba shi kullum ƙarfe bakwai na safe. A jadawalin, kowane ma'auni ginshiƙi ne daga sama zuwa ƙasa, kowace rana kuma layi ce a kwance, har na shekara arba'in da biyar. Gidajen jadawalin, inda layi ya haɗu da ginshiƙi, sun haura miliyan biyar da rabi. Shekara shida ya yi da masu buga takardu uku suna kwashe su daga littattafan da ɓera da ɗanshi suka rage, kuma duk inda littafi ya bar rana babu rubutu sai ya sa haruffan nan biyu da manhajar lissafi ta tanada don haka, NA, wato ba a samu ba.

Dokta shi ne sabon shugaban sashen ƙididdiga. Wata bakwai ke nan da zuwansa, da takardun shaida masu tambarin zinariya da kwamfutar hannu siririya kamar faranti. Yana da irin hazaƙar nan ta mutumin da ya iya amsa tambaya tun kafin a gama yinta, don haka bai taɓa jin ƙarshen ko guda ba. Abokan hulɗa sun ce a turo musu jadawalin a rubutu tsantsa, lambobi da waƙafi a tsakani, wanda kowace na'ura za ta iya buɗewa. Da aka gwada turawa a makon jiya, na'urarsu ta ci karo da NA ta ƙi karɓa. Dokta ya warware matsalar da layin umarni ɗaya. Ya nuna shi a bango da fitila, babba, don kowa ya ga ƙanƙantarsa.

"Shi ke nan fa," in ji shi. "Abin da ake ta cewa sai an yi wata guda."

Darakta ya gyaɗa kai har sau uku. Mutum ne da ya ɗauki gyaɗa kai a matsayin babban aikin ofishinsa, kuma a gaskiya ya ƙware a kai. Ya sanar da cewa tunda an gama, ranar Juma'a ƙarfe sha biyu za a fitar da tsohuwar kwamfutar sashen, a huda faifan cikinta a gaban ma'aji kamar yadda ƙa'ida ta ce, don ɗakin da take ciki za a mai da shi zauren ƙirƙira. Ba wanda ya tambayi abin da za a ƙirƙira a ciki.

Da aka watse Malam Jadawali ya koma teburinsa ya buɗe fayil ɗin. Bai duba ko'ina ba sai ginshiƙi na ɗari da sha bakwai. Ma'aunin bayan wata makarantar firamare ne, tafiyar minti goma daga gidansa, kuma shekara talatin da ɗaya matarsa ce ke duba shi, kafin ta shiga aji ta koyar. Shekara biyu ke nan da rasuwarta. Ya gangara zuwa watan da aka haifi 'yarsu. Kwana goma sha tara ta yi a asibiti a lokacin, don haihuwar ta zo da gardama, kuma ya tuna yadda ruwa ya riƙa zuba har ma'aikatan jinya na jera bokitai a barandar ɗakin masu jego. Fayil ɗin ya ce sifili, sifili, sifili, sau goma sha tara. A tsakiyar damina mafi ƙarfi da ya taɓa gani, Dokta ya ƙirƙiro fari.

Ya duba kwafin da ke sabuwar ma'ajiyar cibiyar, ya tarar Dokta ya adana aikinsa a kansa. Na asali ɗaya ne ya rage a duniya, yana cikin tsohuwar kwamfutar da za a huda ranar Juma'a.

Ya sami Dokta a ofishinsa yana cin tuffa da wuƙa.

"A'a, Baba, shigo. Ka ga aiki ko?"

"Na gani. Guraben ka cike da sifili."

"Na'urarsu ba ta son haruffa a cikin lambobi. Sai mu ba ta abin da take so."

"Ai da ka bar gidan wayam, waƙafi na bin waƙafi. Za ta karɓa. A shafi na biyu na takardar da suka aiko an rubuta haka."

Dokta ya yi murmushin da ake yi wa tsoho idan ya fara labarin zamanin da. "Baba, kashi uku ne cikin ɗari. Kuma babu ai babu ce."

"Babu ruwa daban, babu mai aunawa daban."

"A falsafa, eh."

"A lissafi. Duk wanda ya ɗauki fayil ɗinka ya fitar da matsakaicin ruwan shekara, zai samu ƙasa da gaskiya. Wanda ya ƙirga ranakun fari zai samu fari a duk inda wani ya yi zazzaɓi. Kuma ba zai taɓa sani ba, don sifilinka da sifilin gaskiya kamarsu ɗaya. Ko kai yanzu ba za ka iya raba su ba."

Dokta ya yanki tuffa ya tauna a hankali. "Na ji an ce ɗaya daga cikin ginshiƙan na marigayiya ne. Allah ya jiƙanta. Na fahimci abin yana taɓa ka."

Malam Jadawali ya dube shi. Ya karanta littattafai da yawa a rayuwarsa, wasu ma sau biyu, kuma a cikinsu ya haɗu da azzalumai da maƙaryata da wawaye iri-iri, amma bai tuna ya taɓa cin karo da wanda ke yi maka ta'aziyya don ya rufe maka baki ba. Ya ce amin, ya fita.

Ranar Laraba ya je wurin Darakta. Ya jira awa ɗaya da rabi a kan bencin sakatare, sannan aka ba shi minti huɗu.

"Ranka ya daɗe, a ɗaga huda faifan nan da mako ɗaya."

"An riga an sa hannu, Malam. Magina sun zo."

"To a bar ni in sake fitar da fayil ɗin daidai."

"An riga an aika. Sun ma rubuto suna godiya, sun ce ba su taɓa ganin jadawali cikakke haka ba, ko gida ɗaya babu da ya ɓata." Darakta ya gyaɗa kai. "Yanzu sai mu rubuta mu ce mun yi kuskure? Kai ma ka duba mana. Saura wata nawa ka yi ritaya?"

"Huɗu."

"To ka huta mana. Ka bar yaran nan su yi zamaninsu."

A kan matakala yana saukowa, kalmar nan ta cikakke ta tsaya masa a wuya, don ya san ta. Shi ya fara furta ta a wannan ginin, shekara ashirin da wani abu da suka wuce.

Lokacin yana rubuta babban rahotonsa na farko a kan jadawalin, wanda yake ganin zai sa a san da shi. Ya jera masu duba ma'auni bisa cikar littattafansu. Akwai waɗanda shekara goma ba su tsallake rana ɗaya ba, ya yabe su da suna. Ginshiƙin matarsa kuwa ramuka ne nan da can. Ya zo gida da littafinta ya ajiye mata a kan tabarma, ya ce ta cike kwana goma sha taran nan, ga lambobin ma'aunin da ke kusa ya kwafo mata, ba su fi tafiyar awa ɗaya tsakani ba.

"Ban auna ba, Malam," ta ce.

"An yi ruwa ko ba a yi ba?"

"An yi. Amma ban auna ba."

"To rubuta abin da maƙwabcinki ya samu."

"Shi ya auna, sai ya rubuta a nasa."

Ya yi mata bayani na kusan awa guda, da misalai, da sunayen hanyoyin da masana ke bi su cike gurbi. Ta saurara tana tsince shinkafa. Da ya gama ta ce in dai masana ne ke cikewa, to su cike a takardarsu su sa hannu, ita littafinta abin da idonta ya gani ne kawai a ciki.

Ranar Asabar ɗin makon abokan aikinsa huɗu suka zo cin abincin rana. Tana ajiye kwanuka ya nuna ta da cokali ya ce, "Ga mai gwangwanin awo nan. Ita kaɗai ce ruwa ke zuba a kanta ta ce ba ta da labari." Aka yi dariya, dariyar ƙananan ma'aikata a gidan na gaba da su. Ta koma ta kawo ruwan sha. A rahoton kuma, a ƙasan shafi na sittin da biyu, ya rubuta cewa ma'auni na ɗari da sha bakwai ba abin dogaro ba ne saboda ƙarancin himmar mai dubawa. An buga kwafi ɗari biyar.

Bayan shekara tara, wata rana da azahar, yana gwada wata sabuwar dabarar tantance lambobi, ya gano abin da ya kamata ya gano tun farko. Gwanayen nan nasa masu cikakken littafi, lambobinsu kusan duk da sifili ko biyar suke ƙarewa, irin na wanda ke zaune a ɗaki yana kintace. Ɗaya ya kwafe damina guda sukutum daga ta shekarar da ta gabata. Wani ya ci gaba da auna ruwa wata uku bayan an sace ma'auninsa. Cikin ɗari uku da arba'in, ginshiƙai kaɗan ne suka tsallake kowane gwaji, kuma nata ne a sama. Ya kashe na'ura ya tafi gida da maganar a bakinsa. Ta buɗe ƙofa ta ce lafiya ya dawo da wuri? Ya ce lafiya. Ya zauna, ta kawo abinci, ya ce miyar ba gishiri.

Ranar Alhamis da sassafe ya gangara ɗakin na'urori wurin Injiniya. Mace ce mai kimanin shekara hamsin, gajera, da tabarau rataye a wuya da sukundireba a aljihun riga. Ita kaɗai ce a ginin yake gaisarwa ba tare da ya ji ya yi asarar numfashi ba.

"Na ji labari," ta ce kafin ya buɗe baki. "Dokta ya kawo mana fari."

"Ki ba ni tsohuwar kwamfutar zuwa gobe."

"An rufe kalmar sirrinka tun Talata."

"Na sani."

Ta dube shi ta saman kafaɗa, ta yi tsaki, ba da shi ba. Ta ɗauki makulli. "Ni dai ban gan ka ba. Kuma gobe sha biyu na rana zan cire faifan nan in miƙa wa ma'aji, ko kana kuka. Takardun ma'aikata na ciki, ba zan rasa aikina saboda ruwan sama ba."

Tsohuwar kwamfutar tana kusurwa a ƙarƙashin tebur, launinta ya koma na haƙorin mai shan taba. Da aka kunna ta sai ta yi nishi, ta ɗauki minti shida kafin ta farka. Malam Jadawali ya san halinta kamar yadda ake sanin halin tsohuwar maƙwabciya. In ka ce ta rubuta jadawalin gaba ɗaya a tashi guda, sai ta fara mai da gidaje miliyan biyar da rabi rubutu a cikin ƙwaƙwalwarta kafin ta sauke ko harafi ɗaya, ƙwaƙwalwar ta cika, ta sume. Don haka ya rubuta mata umarni ta riƙa ɗibar layi ɗari biyar-biyar, ta rubuta, ta liƙa a gindin na baya, ta zubar da abin da ta ɗauka, sannan ta ɗebi na gaba. Sunayen ginshiƙai sau ɗaya tak, a sama. Gurbi kuma a bar shi gurbi. Ya gwada da layi dubu, ya buɗe ya ƙirga waƙafi da yatsa a kan allo, ɗari uku da arba'in a kowane layi, har da na bayan kwanan wata. Sannan ya sake ta.

Kowane ɗiba yana cin fiye da rabin awa, kuma ɗiba talatin da uku ne. Ya zauna yana kallon lamba tana hawa. A bayan bango magina na ta bugu, ƙura na sauka a kan madannai yana sharewa da hannun riga. Wajen la'asar Dokta ya leƙo, wai yana neman Injiniya.

"Baba, har yanzu? Abin da na yi a minti tara."

"Ka yi sauri ƙwarai," in ji Malam Jadawali, bai juyo ba.

Ƙarfe biyar ya bar ta tana aiki ya tafi gida.

Ranar Juma'a ƙarfe takwas saura ya iso ya tarar ta gama. Layi dubu goma sha shida da ɗari huɗu da talatin da shida, cif. Ya ƙirga gurabe, dubu ɗari da sittin da bakwai da ɗari tara da biyu, daidai da na asali. Ya ba da umarnin a tura fayil ɗin sabuwar ma'ajiya. Na'ura ta yi shiru, sannan ta ce ba ta ga kowa ba.

Injiniya ta leƙa bayan tebur, ta bi wayar da hannu har inda ta shige bango. Bangon babu shi. Magina sun rushe shi jiya da yamma, wayar na lilo a kan tarin bulo, a gutsure.

"Ki haɗa wata."

"Da me? Irin wannan wayar an daina yinta tun Dokta na rarrafe. Ramin saka filas na kwafar fayil kuma ba ta da shi, ka sani."

"Ki ciro faifan ki kwafa a wata na'urar."

"Ma'aji ya liƙa masa hatimi jiya. Duba." Ta nuna masa jar takarda a kan murfin. "In na yage ta, ni da kai za mu yi ritaya rana ɗaya."

Ta buɗe durowa ta yi ta tono, ta fito da ƙananan faya-fayan nan masu murabba'i na zamanin da, guda biyu. Ɗaya da aka saka sai ya yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Ɗayan ya yi. Abin da zai iya ɗauka bai kai kashi ɗaya cikin goma na fayil ɗin ba.

"Zaɓi ginshiƙan da ka fi so," ta ce a hankali. "Nata zai shiga, da wasu ashirin ko talatin."

Ya ga kansa yana ɗauke nata ya bar ɗari uku da wani abu, kuma ya san abin da za ta ce a kan haka, da irin muryar da za ta faɗa, tana tsince shinkafa. Agogon bango ya ce tara da minti goma. Ya zauna yana kallon fayil ɗin da ya kwana ana rubutawa, cikakke, daidai, ba hanyar fita. Lambobi miliyan biyar da ɗoriya, kuma duk suna nan a fayil ɗin Dokta ba abin da ya same su, don Dokta bai taɓa lamba ko ɗaya ba. Abin da ya ɓata kawai shi ne sanin inda babu lamba.

Ya jawo madannai.

"Me za ka yi?"

"Guraben zan fitar. Su kaɗai."

Ya fara da rubuta lambar layi da lambar ginshiƙi na kowane gurbi, ya lissafa girman a gefen takarda, ya ga zai ɗara faifan da kaɗan. Ya goge. Mutum ba ya yin rashin lafiyar rana ɗaya-ɗaya a warwatse, in ya kwanta kwanaki yake yi a jere, in ma'auni ya fashe makonni yake yi kafin a kawo wani. Sai ya sa na'ura ta bi kowane ginshiƙi daga sama, duk inda ta tarar da gurabe a jere ta rubuta abu uku kawai: lambar ginshiƙi, ranar da aka fara, da yawan kwanakin. Kwana goma sha taran asibiti suka zama layi ɗaya gajere. Tsohuwar ta yi nishi minti arba'in, ta sauke layi dubu goma sha ɗaya da 'yan kai. Ya tara yawan kwanakin duka. Dubu ɗari da sittin da bakwai da ɗari tara da biyu.

Fayil ɗin ya shige faifan har da sauran wuri. Injiniya ta kai shi teburinta, ta saka a wata 'yar na'urar karantawa da ta ɓoye shekaru don ta san ranar irin wannan za ta zo, ta kwafe shi wuri uku. Sha biyu saura kwata ya ɗauki fayil ɗin Dokta ya bi da jerin, ya mai da kowane sifilin ƙarya gurbi, ya gwada layi ɗari da ya zaɓa barkatai da abin da ke kan allon tsohuwar. Duk suka dace. Sha biyu daidai ma'aji ya zo da wani mai dirilar hudawa. Malam Jadawali bai tsaya kallo ba.

Ya ajiye wa Dokta gyararren fayil ɗin da takarda mai layi uku, ya aika kwafin takardar ga Darakta da sakataren hukumar cibiyar, don ya san abin da mutum uku suka karanta ba ya ɓacewa a durowa. Ranar Litinin aka kira taro. Dokta ya nuna a bango cewa bayan zurfafa bincike sashensa ya samar da bugu na biyu na jadawalin, wanda ya bambanta rashin ruwa da rashin awo, abin da cibiyoyi da yawa ba su kai ga yi ba. Darakta ya gyaɗa kai sau huɗu. Aka tafa. Aka aika.

Ranar Asabar da hantsi 'yarsa ta zo, kamar yadda take zuwa kowane mako ta duba ko yana cin abinci ta kuma yi masa faɗa a kan littattafan da ya tara a kan kujeru. Ta same shi a tsakar gida da takarda ɗaya da ya buga a firintar ofis. Layukan ginshiƙi na ɗari da sha bakwai ne, na shekarun mahaifiyarta. Kwana ɗari biyu da sha huɗu cikin shekara talatin da ɗaya.

"Mene ne wannan, Baba?"

"Ranakun da mamanki ba ta je ma'auni ba."

Ta ja kujera ta karɓa. Ta bi da yatsa. "Wannan ni ce," ta ce, ta yi dariya. "Kwana sha tara! Ashe tun daga farko na fara ba ta wahala." Ta gangara. "Wannan rasuwar kaka ce. Wannan kuma lokacin da na karye a hannu, kwana biyu. Wannan fa, kwana shida?"

"Ni ne. Da aka yi mini aikin ido."

"Ita ta zauna da kai?"

"Wa zai zauna?"

Daga can ƙasa layukan suka fara matsowa kusa da juna, kwana uku, kwana biyar, kwana tara, duk a shekarar ƙarshe. 'Yar ta daina karantawa da ƙarfi. Bayan layin ƙarshe mai gadin makarantar ne ya karɓi ma'aunin, kuma tun daga ranar ba a sake samun gurbi ko ɗaya ba, har da makon da aka rufe makarantar aka kulle ƙofar.

Ita ta shiga ciki ta ɗora ruwan shayi. Shi ya karɓi takardar ya nemi wata rana da ya daɗe yana tsoron nema, Lahadin da ta biyo bayan Asabar ɗin cokali da dariyar baƙi. Ya bi jerin sau biyu. Ba ta ciki. Ta tashi ƙarfe bakwai saura, ta bar shi yana barci, ta yi tafiyar minti goman, ta ɗaga gwangwanin ta duba, ta rubuta abin da ta gani a littafin da mijinta zai ce wa mutum ɗari biyar ba abin dogaro ba ne.

"Baba, magana kake yi?" 'yar ta ɗaga murya daga kicin.

"A'a."

Ya ninke takardar biyu ya sa a aljihu. Shekara goma sha biyu ya samu tsakanin azahar ɗin nan da ya gano gaskiya da ranar da aka fitar da gawarta daga gidan, da abincin rana da na safe da ba su ƙirguwa, kuma maganar da bai taɓa faɗa mata ba ba ta da tsawo. Ke ce da gaskiya da kika ƙi cikewa.